Sadakar Arba'in a Garin Masu Kaguwa

Inna ta rasu ranar wata Talata, ina tsaye a kicin ɗin wani gidan abinci na bakin ruwa, can ƙuryar jihar Maryland, hannuna cikin kwandon kaguwa. Yaya Sani ne ya kira daga Funtuwa. Tun daga yadda ya ja sallamar na sha jinin jikina.

"Rakiya, sai haƙuri," ya ce. "Inna lokaci ya yi. Yanzu muka dawo daga kai ta."

Na yi innalillahi, na ce Allah ya jiƙanta, na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da ɓare kaguwa, don akwai mutane a waje suna jiran abincin rana. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? A garin kaf babu wanda zai shimfiɗa tabarma ya zauna kusa da ni ya yi shiru. Zuwa gida kuma babu hali. Takarduna sun daɗe da mutuwa, in na fita babu dawowa, ga shi gidan da na baro daga hannuna yake ci.

Abu ɗaya ya rage da zan iya yi mata. Inna mai waina ce. Shekara talatin tana suya a ƙofar gida, kuma duk wanda ya rasu a unguwarmu ita ke soya wainar sadakar arba'in ɗinsa, ba ta karɓar ko sisi. Ni ce mai fifita mata wuta tun ina ƙarama. Takan dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Tawa kuma ke za ki soya. Kada ki kuskura ki kunyata ni da ɗanyar waina." Da na tuna wa Yaya Sani wannan maganar a waya, sai ya ce arba'in al'ada ce, babu ita a addini, in yi mata addu'a kawai. Ban yi masa gardama ba, karatunsa ya fi nawa. Amma ni ba da malami na yi alkawari ba, da Inna na yi. Na gane cewa in ban yi ba, babu wanda zai yi, sai na fara lissafin kwanaki.

Yadda aka yi 'yar mai waina ta tsinci kanta a garin masu kamun kaguwa, doguwar hanya ce.

Zangona na farko Hyattsville. Karatun jinya na zo yi, wani mutum a Kano ya haɗa mini komai, har da hoton makarantar mai ciyayi kore shar. Da na iso, makarantar ɗaki biyu ce a saman shagon tayoyi. A nan aka fara yi mini tambayar da ta ɗaure mini kai. Matar da ke rajista, idonta a kan kwamfuta, ta ce, "Sunan mahaifiyarki?" Tunda nake ban taɓa kama sunan Inna da bakina ba. A gidanmu ko ƙawarka ce mai irin sunan, sai ka laƙaba mata wani. Matar ta sake tambaya da ƙarfi, ta ɗauka Turancin ne ban ji ba. Sai na jawo takarda na rubuta, na tura mata. Ta dube ni kamar mai taɓin hankali, ta kwafa. Shekara ba ta zagayo ba aka rufe makarantar, mai ita ya yi layar zana, mu kuma izinin zamanmu ya bi ruwa.

Na yi kitso a shagon wata 'yar Ghana har yatsuna suka daina miƙewa da safe. Mu biyar ne a ɗaki, kowa da lokacin barcinta. Daga nan na koma Mitchellville, gidan wasu 'yan ƙasarmu masu hali, rainon yara uku. Uwargidan ba ta taɓa ce mini 'yar aiki ba. Ko'ina muka je sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Ƙanwata ce." Da farko har daɗi nake ji. Sai a hankali na fahimci ƙanwa ba ta da ranar hutu, ƙanwa ba ta tambayar albashi, kuma fasfon ƙanwa a jakar yayarta yake kwana. Shekara biyu na yi ina ƙanwa.

Wanda ya fitar da ni Malam Isufu ne, wani dattijo mutumin Maraɗi, direban motar sanyi da ke ɗauko kifi daga bakin teku yana rarraba wa shagunan 'yan Afirka. Yakan kawo wa uwargidan kifi duk wata. Wata rana ya same ni ina wanke gareji cikin sanyi, babu safa a ƙafata. Ya tsaya ya daɗe yana kallona.

"Ɗiyata, mi kike yi wa kanki haka?" ya ce. "Akwai wata tsohuwa can bakin ruwa, tana biɗan mai taya ta kicin. Wurin da nisa hwa, babu Bahaushe ko guda. Amma ba ta cin haƙƙin mutum. In kin yarda, ni zan amso miki faspo ɗinki."

Ya amso kuwa. Ban san abin da ya gaya wa matar ba, na dai ga ta miƙo shi ba ta kalle ni ba.

Muka kama hanya da safe. Muka hau wata doguwar gada da ta ratsa ruwa, tsawonta ya sa na rufe ido na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Bayan gadar sai gonakin masara, sai dogayen rumfunan kaji, sai gidaje suka fara ƙaranci, sai fadama hagu da dama, ciyawa da ruwa iya ganinka. Hanyar ta yi ta tsukewa har ta zo ta tsaya cak a bakin ruwa. A nan gidan abincin yake, ginin katako a kan dirkoki, tebur takwas, ɗaki ɗaya a sama. Wannan ɗakin ya zama nawa, kuma shi ne karo na farko a ƙasar da na rufe ƙofa ni kaɗai.

Mai wurin sunanta Mis Loreta. Baturiya ce siririya, ta haura saba'in, mijinta ya daɗe da rasuwa, bakinta kuma babu linzami. In abu bai yi ba za ta ce bai yi ba, a gabanka, ko gaisawa ba ku gama ba. Ni da aka rena a kan cewa babba ba a yi masa musu, komai ta faɗa sai in ce to. Ta koya mini dafa kaguwa da turiri, da miyar kifi, da soya dankali. Da ta ga ina salla a lungun sito tsakanin buhunan fulawa, washegari sai na tarar an kwashe buhunan an share wurin.

Masu cin abincin yawancinsu masunta ne, tun kakanninsu a ruwan suke. Mutane ne masu ƙarancin magana da tsananin ji da kai. Babban abin da na lura da shi, ba sa cin na banza. In ka ba ɗayansu abu kyauta, gani yake ka raina shi. Wanda ya fi kowa a wannan hali shi ne Mista Kalbin, wani tsoho mai kaurin wuya da ke zama a teburin jikin taga kullum, hularsa a kansa kamar da ita aka haife shi. Sau ɗaya na ƙara masa yankan burodi don na ga ya gaji. Da ya tashi na tarar da kuɗin burodin a ƙarƙashin faranti. A shekara biyu magana ɗaya ya taɓa yi mini wadda ba ta abinci ba. Ya ce, "Yaushe za ki koma garinku?" Na kwana ina juya ta, ban gane ko tambaya ce ko kora ba.

Abin da ya fito da sunan gidan kuwa ba kaguwa ba ce. Wani kek ne da Mis Loreta ke yi duk Asabar, suna ce masa cizkek, wato kek ɗin cuku, nata kuma na cakulan ne, baƙi wuluk, mai nauyi, yanka ɗaya sai ka nemi ruwa. Daga surukarta ta gaje shi. Mutane kan tuƙo mota tun daga Washington saboda shi. Da hannunta ya fara ciwo sai ta ce za ta koya mini.

Komai na kama da wuri, ban da abu ɗaya. Ta ce idan gefe ya kama, tsakiya kuma tana rawa in an girgiza, a kashe obin, wato tanderun gas ɗin da ake gashin. Na ce to. Ta fita shan iska. Na buɗe na girgiza, tsakiyar ta yi rawa kamar kunun da bai huce ba. Ni 'yar Inna, in ba mutane ɗanyen ƙwai? Inna ba ta taɓa ɗauke waina daga tanda ba sai ta soka tsinke ya fito fes. Na ƙara masa minti ashirin, ban gaya wa kowa ba. Da ya huce ya tsage gida uku, kamar ƙasan tafki da rani, cikinsa kuma ya bushe.

"Kin bi lokacin da na ce?" ta tambaye ni.

Na sunkuyar da kai na ce e.

Sati na biyu na ƙara minti goma sha biyar kawai, ina ganin na yi sassauci. Ya tsage. Sati na uku ma haka. Ranar ta ajiye wuƙar ta ce, "Rakiya, na gane ki. Ke komai to, komai to, sannan ki juya ki yi abin da kika ga dama. Gara ki ce mini a'a in san inda nake." Daga ranar ta hana ni taɓa kek ɗin. Ta koma yi da kanta, tana cije leɓe saboda ciwon hannu. Na ji kunya ƙwarai, amma a can cikin zuciyata ina nan a kan bakana, ɗanye ne suke ci.

Haka muke har Yaya Sani ya yi wannan kiran.

Na shirya komai da Malam Isufu, shi kaɗai ya san an yi mini rasuwa. Arba'in za ta kama ranar Asabar. Zai aro mini tanda wurin wata Hajiya a Hyattsville, ya sayo shinkafar tuwo da yis da kanwa, ya kawo ranar Juma'a da safe in jiƙa, in niƙa, ƙullu ya kwana ya tashi. Ranar Asabar in soya, shi kuma ya biyo ya kai masallaci a raba. Kwana talatin da takwas ina aiki da wannan shirin a raina, shi ne ya riƙe ni ban zube ba.

Ranar Alhamis iska ta juyo daga teku. Juma'a da safe na leƙa ta taga, babu hanya. Ruwa ya hau ya shafe ta, sai kawunan sandunan gefen titi ake gani. Da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Ɗiyata, ina gidan mai na ƙarshe," in ji Malam Isufu. "An tare hanya, sun ce ruwan ba shi sauka sai jibi. Na roƙe su, wallahi na roƙe su. Ga tandar nan kusa da ni a kujera."

Na ce babu komai, Allah ya saka da alheri. Na shiga sito na duba ko zan yi dabara. Shinkafar da ke nan irin wadda aka turara ce, ko shekara ta yi a ruwa ba za ta yi waina ba. Na fita bayan kicin na zauna a kan matakala, ruwa na dukan dirkokin ginin a ƙarƙashina. Kukan da na haɗiye kwana talatin da tara ya taho gaba ɗaya.

A haka Mis Loreta ta same ni. Ta tambayi abin da ya faru, na gaya mata. Ta ce yaushe? Na ce gobe kwana arba'in. Fuskarta ta yi ja.

"Kwana arba'in? Kwana arba'in kina wanke mini tukwane, uwarki na kabari, ba ki buɗe baki kin gaya mini ba? Me kika ɗauke ni?"

Na ce ban so in ɗora mata damuwa ba ne. Ta ce wani abu da ba zan maimaita ba, sannan ta zauna kusa da ni da ƙyar, tana dafa gwiwa. Na yi mata bayanin waina, da alkawarin, da yadda ake raba abinci mutane su ci su yi wa mamaci addu'a. Ta saurara har na gama.

"Dole sai wannan wainar?"

"Dole dai da hannuna. Kuma ya zama abin kirki, ba abin da za a ci a yamutsa fuska ba."

"To abin kirki ɗaya ne a gidan nan," ta ce. "Tashi."

Na ce ai ta hana ni taɓa shi. Na kuma ce ba a sadaka da kayan wani. Ta ja ni har gaban firij, ta buɗe, ta nuna cuku da ƙwai da kirim da bota. "Na ba ki. Yanzu naki ne. Akwai wata dokar?" Na kira Malam Isufu, don zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce masa babu Musulmi ko ɗaya a nan, sadakar za ta karɓu?

"Innarki in tana rabon waina, tambayar mutane take wace alƙibla suke kallo?" ya ce. "Ki ba mai ci ya ci, ɗiyata. Karɓa ta Allah ce."

Bayan azahar na ɗaura gyale na yi bismilla. Guda biyu zan yi. Na daka baƙin biskit ya yi laushi, na kwaɓa da narkakken bota, na danne shi a gindin gwangwanayen gashin kek da bayan kofi. Cukun na bar shi a waje ya saki jiki, sannan na murza shi da sukari har babu gudaji. Na narka cakulan a kwano bisa tukunyar ruwan zafi, ƙamshinsa ya cika kicin har ya danne ƙarnin kaguwa. A takardar haɗin kek ɗin da surukarta ta bar mata akwai cokali biyu na giya. Na ɗaga kai na dubi Mis Loreta, karo na farko, na ce, "Wannan a'a." Ta yi murmushi ta miƙo mini baƙin kofi mai ƙarfi.

"Da surukata na raye da ta kore mu mu biyu," ta ce. "Zuba."

Ƙwai ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba a bugawa. Wannan ma sai da na danne hannuna, don hannun da ya saba da bugun ƙullu ba ya son lallaɓa abu. Na juye, na naɗe gwangwanayen da foyil, takardar nan mai ƙyalli, na zaunar da su a tire mai ruwan zafi, na tura cikin obin a kan wuta kaɗan. Mis Loreta ta jawo kujera ta zauna daidai bakin ƙofar kicin, ta harɗe hannu. Yau babu fita shan iska.

Awa ɗaya ta cika. Na buɗe, na girgiza. Gefe ya kama, tsakiya na rawa. Muryar Inna ta zo mini tar a kunne: kada ki kunyata ni da ɗanye. Hannuna ya tsaya a kan makunnin, ya ƙi juyawa.

"Minti goma kawai," na ce.

"Naki ne," in ji Mis Loreta. "Ba zan taɓa ba. Amma ki ji. Zafin da ya riga ya shiga cikinsa bai gama aiki ba. Zai ƙarasa da kansa bayan kin tafi. In kika tsaya sai kin ga ƙarshensa da idonki, kin ɓata shi."

Na tsaya ina kallon tsakiyar nan. Babu sauran cuku a firij, babu hanyar zuwa sayowa, in na ɓata waɗannan shi ke nan. Sai na tuna ita kanta Inna, a kan ƙullu ba ta tsayawa. Takan rufe shi ta tura ƙarƙashin gado ta yi kwanciyarta, in na ɗaga murfin ta make mini hannu. Na ce bismillahi na kashe. Na sa muciya na tokare ƙofar obin ɗin ta ɗan buɗe, kamar yadda aka koya mini sau uku ina ƙi. Mis Loreta ta tasa ni gaba muka fita, ta rufe kicin ɗin, ta sa makullin a aljihunta.

Da yamma muka sa su a firij. Da asuba na sauko na buɗe. Fuskarsu sumul, tana sheƙi, babu tsaga ko ta gashi. Na tsoma wuƙa a ruwan zafi na yanka. Ya tsaya da ƙafarsa, cikinsa kuma laushi kamar man shanu. Na ɗanɗana ɗan abin da ya maƙale a wuƙar. Ashe duk shekarun nan ba ɗanye suke ci ba.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe da saura.

Iska ta hana fita kamun kaguwa, don haka masuntan suka taru shan kofi, wasu cikin dogayen takalman roba, wasu ma da ƙananan jiragensu suka zo har bakin matakala. Na jera yanka-yanka a faranti, na bi tebur-tebur ina ajiyewa. Na ce yau kyauta ne. Suka dubi juna. Wani ya ce ai bai yi oda ba. Wani ya ce ya gode, ya ci, ya lumshe ido, sannan ya zaro kuɗi ya danna a ƙarƙashin faranti. Na kusa da shi ma ya yi haka. Kafin in ankara hannaye sun shiga aljihu ko'ina.

In suka biya ya zama ciniki. Na sayar da kek ke nan ranar arba'in ɗin Inna, ita kuma ba ta samu komai ba. Na shiga bin su ina kwashe kuɗin ina mayar musu, suna turo mini, ina turawa, wani har ransa ya fara ɓaci. Na waiga wurin Mis Loreta, tana tsaye bayan kantar karɓar kuɗi. Ta girgiza kai, ta nuna ni da haɓa, wato bakinki ne, yi magana.

Na nufi teburin jikin taga, don na san in Mista Kalbin ya biya kowa zai biya. Bai taɓa nasa ba. Kuɗinsa na kan tebur, ya dafe da yatsa biyu.

"Ni ba na cin abin da ban biya ba," ya ce. "Ban fara ba, ba kuma zan fara yau ba."

Shekara biyu ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ranar na haɗa. Na ce, "Ba don kai na yi ba. Uwata ce ta rasu, yau kwana arba'in. Ban ga gawarta ba, ban je kabarinta ba. A garinmu in aka yi haka, sai a dafa abinci a ba mutane, su ci su roƙa wa mamaci rahama. Ba ni nake taimakonka ba, kai ne za ka taimake ni. In ka biya, kai ka ci abinka, ita kuma ta tashi a banza."

Ya daɗe yana kallon farantin.

"Shi ya sa na tambaye ki yaushe za ki je gida," ya ce a hankali. "Tawa ta rasu ina soja, a wata ƙasa. Sai wasiƙa na samu."

Ya ɗauke kuɗin ya mayar aljihun rigarsa, ya ɓalla maɓallin. Sannan ya kai hannu ya cire hular nan, ya ajiye a kan gwiwa. Kansa fari fat, ban taɓa gani ba. Sai na ji motsi a bayana, sauran ma suna kwashe kuɗinsu, huluna na sauka ɗaya bayan ɗaya.

"Mu a nan ba ma yi wa mutum addu'a babu suna," ya ce. "Yaya sunanta?"

Na waiga neman takarda da biro. Suna can kan kanta, da nisa, ga mutum sama da goma sun zuba mini ido, kawunansu a buɗe. Shekarata talatin da huɗu, sunan nan bai taɓa bi ta kan harshena ba. Na ji kamar Inna na zaune a gefe tana jira ta ga rashin kunyata. A raina na ce, Inna ki yafe mini, yau kaɗai.

"Hauwa'u," na ce.

Ya gwada sau ɗaya bai fito ba. Na sake faɗa masa, a hankali, gaɓa-gaɓa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ubangiji, ga Hawa. Ba mu san ta ba, amma mun ga 'yar da ta rena. Ka ji ƙanta, ka ba ta wurin hutawa." Muryoyi masu kauri suka amsa daga kowane tebur, har da ta Mis Loreta daga bayan kanta. Sannan ya ɗauki cokali ya ci.

Na ce amin, na shafa. Na share fuskata da bakin gyale, na koma kicin na ɗauko na biyun.